Binciken lalurar kabul a rezon wifi mai raga na cikin gida: abin lura ga yankin Dantchiao, Magariya da Dungas

0. Gabatarwa

Dantchiao kwamin ce ta karkara a gundumar Magariya, cikin jahar Damagaram, tana iyaka da Najeriya ta kudu. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magariya a shekara ta 2011, tana maƙwabtaka da Magariya ta gabas. A wannan yanki intanet ya fara shiga hannun jama'a ne ta hanyar salula. Daga baya abubuwa biyu suka ƙaru. Na farko shi ne aikin shimfiɗa zaren gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, wanda kuma ɗaya daga cikin rassansa ya tashi daga Damagaram ya bi ta Magariya zuwa iyakar Najeriya. Na biyu shi ne kamfanin Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a shekara ta 2023, a Nijar kuma cikin watan Maris na 2025.

Saboda haka yau babban gida, ko shago, ko lakkwal, ko mai sayar wa matasa tikitin wifi, yana iya samun mafari guda mai ƙarfi. Wahalar da ta rage ita ce raba wannan ƙarfi cikin gida, daga zaure zuwa turaka, daga turaka zuwa sashen mata da ɗakin samari. Ana sayen na'urorin wifi mai raga domin wannan aiki, ana kuma ja musu kabul. To amma sau da yawa an ja kabul, ana biyan kuɗin wata, rabin gida kuwa bai ga amfanin kuɗin ba. Gwanin gyara yana Magariya, ko ma Damagaram mai nisan wajen kilometir 90 daga Magariya.

Abin da wannan maƙala take son nunawa guda ne. Rezo mai raga yana ɓoye ciwon kabul ɗinsa: idan kabul ya lalace, na'urori sukan koma magana ta iska ba tare da sun sanar da kowa ba. Don haka alamar wifi da ke kan salula ba shaida ba ce. Dole a bi bincike daki-daki, daga kuran zuwa kabul, daga kabul zuwa tsarin haɗi, a bar saiti sai ƙarshe.

1. Kalmomin aiki

Kalmar waya a Hausa tana nufin tarho, tana kuma nufin zaren ƙarfe. Domin guje wa ruɗani, ga kalmomin da za mu yi amfani da su, tare da sunan da ake sayen abin da shi a kanti:

- rezo (réseau): haɗin na'urori masu musayar saƙo;
- rezo mai raga (réseau maillé): rezon wifi mai na'urori biyu ko fiye da suke aiki da suna ɗaya;
- uwa: na'urar da take karɓar intanet daga mafari, tana shugabantar sauran;
- ɗa, ƴaƴa: na'urorin da ake ajiyewa a sauran sassan gida;
- jijiya: hanyar da ke tsakanin uwa da ɗa, ko ta iska ko ta kabul;
- kabul (câble réseau): igiya mai sili takwas na jan ƙarfe, an murɗe su biyu-biyu;
- fishi (fiche RJ45): kan roba da ake matsewa a bakin kabul;
- ƙofa (port): ramin da ake soka fishi;
- suwic (commutateur): akwati mai ƙofofi da yawa, mai raba kabul ɗaya zuwa da yawa.

Duk inda muka ce megabit, megabit a daƙiƙa ɗaya muke nufi.

2. Dalilin ja wa raga kabul

Ƙa'idar wifi ta farko ta fito a shekara ta 1997, ta raga kuma, mai lamba 802.11s, a 2011. Idan jijiya ta iska ce, kuma rediyo ɗaya ne ɗa yake amfani da shi wajen sauraron uwa da wajen magana da salula, to aikinsa kamar na tafinta ne: sai ya yi shiru ya ji, sannan ya maimaita. Lokacin da aka raba biyu ke nan, gudun saƙo ma yakan ragu da kusan rabi. In ɗa na biyu ta wajen ɗa na farko yake ji, sai a sake rabawa.

Ginin wannan yanki yana ƙara wa abin nauyi. Katangar ƙasa tana da kauri, kuma da damina tana riƙe laima, ruwa kuwa yana shanye igiyar rediyo. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da ita baya. Zangon gigahaz 5, wanda ya fi gudu, shi ne ya fi kasa ratsa katanga. Zangon gigahaz 2,4 yana ratsawa amma ba shi da gudu, ga cunkoso. Kabul yana kawar da duk wannan, domin yana ɗauke wa rediyo aikin jijiya ya bar masa hidimar salula kaɗai. Fasahar Ethernet da kabul yake ɗauka ta samo asali ne daga aikin Robert Metcalfe a kamfanin Xerox na Amurka a 1973. Ƙa'idar megabit 100 ta fito a 1995, ta megabit 1000 a kan jan ƙarfe a 1999. Bambancin waɗannan biyu shi ne mabuɗin yawancin binciken da ke tafe: megabit 100 sili huɗu kawai yake buƙata, megabit 1000 kuwa sai da duka takwas.

3. Alamomin ciwo

Kafin a taɓa komai, a tambayi mutanen gida abu uku: a wane sashe ne, a wane lokaci, kuma me aka sauya kafin abin ya fara. Alamomin da aka fi gani biyar ne.

a) Gudu a wajen ɗa ba ya wuce megabit 94 ko 95 ko da uwa tana ba da fiye da haka. Jijiya ta sauka zuwa 100 ke nan.

b) Kabul yana soke, amma manhajar kula da raga a salula tana nuna ɗa ta iska yake haɗe.

c) Rezo yana yankewa a wani lokaci sananne, kamar tsakar rana ko goshin asuba. Wannan ya fi nuni ga zafi ko batir.

d) Da zarar an soka kabul ɗin ɗa, sai gida duka ya tsaya, fitilun ƙofofi suna ƙiftawa tare ba hutawa. Wannan alamar zobe ce (duba 4.5).

e) Salula tana haɗe da wifi, alama cike, amma ba intanet.

Gwaji guda yana raba matsalar gida biyu, kuma ba ya cin ko dala. A ɗauko ɗa a kawo shi kusa da uwa, a haɗa su da gajeren kabul na masana'anta, mai metir 1 ko 2, wanda aka tabbatar da lafiyarsa. A jira minti biyu ko uku, a duba manhaja. In ta nuna haɗin kabul da cikakken gudu, laifin yana ga dogon kabul, ko fishinsa, ko kuran na sashen da aka ɗauko ɗan. In ba ta nuna ba, laifin yana ga ƙofa, ko tsarin haɗi, ko saiti. Ƙa'ida ta biyu ita ce a sauya abu ɗaya kawai kafin kowane gwaji. Wanda ya sauya abu uku a tare, ko da rezo ya dawo, bai san abin da ya gyara ba, kuma ciwon zai komo.

4. Matakan bincike

4.1. Kuran

Maradi da Damagaram suna samun babban kason kuran ɗinsu daga Najeriya, ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Yankewar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ta nuna yadda dogaro da layi ɗaya yake. A ƙauyuka da yawa kuwa panno da batir ne tushen wuta. Na'urorin raga da yawa bolt 12 suke ci. Batir mai ruwan asid idan ya cika yana ba da kimanin bolt 12,6. Idan ya kusa rabi yana wajen 12,1. Cikin dare, bayan fanka da talabijin sun sha nasu, ƙarfin yana iya sauka har ɗa ya riƙa mutuwa yana tashi. Duk tashin da zai yi, yana iya kama uwa ta iska kafin ƙofar kabul ta shirya, wasu na'urori kuma sukan daɗe a haka.

Don haka a auna bolt a bakin na'urar kanta, a lokacin da ciwon yake zuwa, ba a bakin batir da hantsi ba. A duba cajar da ke jikin ɗa ko ita ce tasa ta asali, domin caja mai bolt daidai amma mai ƙarancin ampa tana kunna fitila, tana kasawa idan aiki ya yi nauyi. Bayan ɗaukewar kuran a kunna bi da bi: mafari, uwa, suwic, sannan ƴaƴa.

Akwai na'urorin da ake ba su wuta ta cikin kabul ɗin rezo, abin da ake kira PoE. Na ƙa'ida, wanda ya fito a 2003, yana aiki da wajen bolt 48 kuma yana tantance na'ura kafin ya saki wuta. Akwai kuma na bolt 24 wanda ba ya tantance komai, yana iya ƙona ƙofar da ba tasa ba. Kada a haɗa su sai an karanta abin da ke rubuce a jikin kowane.

4.2. Kabul

Tsawo. Iyakar ƙa'ida metir 100 ce daga na'ura zuwa na'ura: 90 na kabul ɗin da aka shimfiɗa, 10 na gajerun da ke bakunan biyu. To amma wannan lissafi na zafin digiri 20 ne. Ƙa'idar TIA-568 ta rage metir 90 ɗin zuwa 84 a digiri 40, zuwa 75 a digiri 60, ga kabul marar sulke. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a jahar Damagaram yana haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa. Kabul mai metir 85 da ya yi aiki lafiya da hunturu yana iya fara yankewa da bazara, tsakanin azahar da la'asar, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Maganinsa a sauke shi daga jikin kwano, ko a gajarta hanya, ko a sa suwic a tsakiya domin kowane ɓangare ya sami nasa metir 100.

Jabu. Kasuwa cike take da kabul mai sili na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wani lokaci da harufan CCA a jikin kwali, wani lokaci ba komai sai Cat6. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na kuran da jan ƙarfe mai kauri ɗaya yake ɗauka, yana karyewa in an lanƙwasa shi, yana kuma yin tsatsa a cikin fishi. A gajeren zango yakan yi aiki, shi ya sa ake yaudaruwa; a dogon zango, ko da PoE, sai ya kasa. Gane shi ba wuya: a feɗe sili ɗaya a kankare shi da reza. In cikinsa fari ne, alminiyam ne. A yi wannan gwaji a gaban mai kanti kafin a biya.

Rana, ruwa da ƙwari. Kabul mai farar riga ko toka na cikin ɗaki ne. Rana tana tsattsaga rigarsa, ruwan damina ya shiga ya bi cikinsa har zuwa fishi. Na waje baƙar riga gare shi mai tauri. In za a binne, a sa shi cikin tiyo, a toshe bakunan tiyon, domin gara da ɓera da gafiya. Inda kabul zai shiga ɗaki, a bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa da ramin, ruwa ya ɗiga a nan maimakon ya bi shi ciki. Kada a buga ƙusa ta matse shi, kada a karya shi a kusurwa, kada ƙofar ƙarfe ta riƙa cizonsa. Kada kuma ya yi tafiya mai tsawo manne da wayar kuran. In dole su gamu, su gicciye juna.

Yadda karyewa take bayyana. Silin da ke lamba 1, 2, 3 da 6 su ne na megabit 100. In ɗayansu ya katse, fitilar ƙofa ba za ta kama ba, ɗa ya koma iska: alama ta (b) ke nan. In kuwa wanda ya katse yana cikin 4, 5, 7 ko 8, na'urori da yawa sukan sasanta a kan megabit 100 su ci gaba da aiki: alama ta (a). Ƙaramin testa mai fitila takwas yana nuna silin da ya mutu. Kafin a zargi kabul, a karanta jikin ɗa da na suwic: in an rubuta 10/100, ƙofar ce ba ta wuce 100, kuma babu kabul ɗin da zai ƙara mata.

4.3. Fishi

Fishin da aka matse da hannu ya fi kowane wuri saurin lalacewa. Jerin launuka na tsarin T568B, daga lamba 1 zuwa 8, shi ne: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Bakunan biyu su bi jeri ɗaya. A lura da kyau: koren biyu ba sa maƙwabtaka, ɗaya yana 3 ɗaya yana 6, shuɗayen suna tsakaninsu.

A nan ne kuskure mafi wuyar ganewa yake. Mai koyo yakan jera launuka biyu-biyu yadda suka fito, ya yi haka a bakunan biyu. Ƙaramin testa zai kunna fitila takwas daidai, domin kowane sili ya isa inda ya dace. Amma murɗin da ke tsakanin sili biyu shi ne yake kashe hayaniyar kuran, kuma yanzu 3 da 6 ba abokan murɗi ba ne. A metir 3 ba a ganin komai. A metir 40 saƙonni suna lalacewa, gudu yana hawa yana sauka. Ido ne kaɗai zai kama wannan, ta duban launuka a cikin fishi. Haka nan kada a warware murɗi fiye da milimetir 13, kuma rigar kabul ta shiga cikin fishi maƙalli ya cije ta. Fishin da harshensa ya karye a sauya shi. Ƙurar hunturu kuma a hure ta daga ƙofofi, a rufe waɗanda ba a amfani da su.

4.4. Tsarin haɗi da rabon adireshi

In kabul lafiya lau, sai a zana a takarda inda kowane kabul ya tashi da inda ya sauka. Tsarin da ya dace jeri ne: mafari, sai uwa, sai suwic in akwai, sai ƴaƴa. Kowane ɗa a bayan uwa yake. Kuskuren da aka saba yi shi ne a soka uwa da ɗa duka a jikin rutar mafari, kamar ƴan uwa biyu. Idan uwa tana aiki a matsayin rutar, ɗa yana wajen katangarta ke nan, ba za ta gan shi ta kabul ba. Wannan tsari yana yiwuwa ne kawai a na'urorin da suka yarda da shi, bayan an mayar da raga matsayin mai watsa wifi kaɗai (point d'accès).

Masu Starlink su lura da abu biyu. Rutar ƙarni na biyu ba ta da ƙofar kabul sai an sayo mata mahaɗi na musamman; ta ƙarni na uku tana da ƙofa biyu. Kuma in aka sa uwa a bayan rutar Starlink, rutar biyu ke nan a gida ɗaya. Ko dai a kashe aikin rutar Starlink ta saitin da aka tanada domin haka, ko a sauke uwa zuwa mai watsa wifi kaɗai.

Dalilin wannan shi ne rabon adireshi. Kowace salula tana roƙon adireshi idan ta shigo, kuma mai rabo ɗaya ya kamata ya amsa. In tsohuwar rutar da aka mayar suwic ba a kashe mata rabo ba, sai wasu saluloli su karɓi adireshi daga gare ta, su nemi hanyar fita inda babu. In rutar biyu suna riƙe da lamba ɗaya, kamar 192.168.1.1, su ma sukan yi karo. Salular da adireshinta ya fara da 169.254 kuwa ba wanda ya amsa mata, ita ta ba kanta. Wato hanyarta zuwa uwa a yanke take. Waɗannan su ne tushen alama ta (e).

4.5. Zobe da suwic

A rezon Ethernet akwai saƙonnin shela, waɗanda suwic yake maimaitawa ta kowace ƙofa. Irin wannan saƙo ba shi da wa'adin mutuwa. In akwai hanya biyu tsakanin wurare biyu, shela za ta fita ta ɗaya ta dawo ta ɗayar, a sake maimaita ta, har ta cika rezo cikin daƙiƙa kaɗan. Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan a 1985, ya zama ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990: na'urori suna aika wa juna ƙananan saƙonni, su gano zobe, su rufe hanya ɗaya.

Raga mai kabul kullum tana bakin zobe, domin tsakanin uwa da ɗa akwai iska akwai kabul. Na'urorin suna dogara ne da irin waɗannan ƙananan saƙonni, ko na ƙa'idar 1905.1 ta shekarar 2013, domin su gane cewa kabul ya zo su saki iska. In suwic ɗin da ke tsakani yana haɗiye saƙonnin, ko yana da nasa mai gadin zobe da yake rufe ƙofa, sai ɗa ya maƙale a iska, ko gida duka ya tsaya. Gwajinsa shi ne a cire suwic a haɗa uwa da ɗa kai tsaye. In abin ya gyaru, a sa suwic marar saiti mai megabit 1000. In mai saiti ne, a kashe gadin zobe, da tace saƙonnin rukuni, da tsimin kuran, ɗaya bayan ɗaya. A kuma ƙirga kabul: ɗa guda kada ya sami kabul biyu daga suwic ɗaya, kuma a duba ko wani mai shara ya tsinci bakin kabul a ƙasa ya soka shi a suwic ɗin da ɗaya bakin yake.

Sai bayan duk wannan ake zuwa saiti: a tabbatar uwa da ƴaƴa suna kan sabuntawa ɗaya, kuma in akwai zaɓin fifita kabul a kunna shi. Na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa zama raga ɗaya sai in duka suna bin ƙa'idar EasyMesh ta 2018. Goge saiti gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe.

5. Tsawa

Daga Yuni zuwa Satumba hadari a wannan yanki da tsawa yake zuwa. Ba sai aradu ta faɗa kan gida ba. Faɗuwarta a kusa tana haifar da kuran mai ƙarfi a cikin duk dogon ƙarfe, kuma kabul ɗin da ya ratsa tsakar gida daga gini zuwa gini dogon ƙarfe ne. Ƙofar Ethernet an gina ta ta jure wajen bolt 1500, tsawa kuwa tana wuce haka. Alamarta sananniya ce: washegarin hadari ƙofa ɗaya ta mutu, sauran na aiki, wifi kuma yana nan, saboda haka ba wanda ya lura sai an ga gudu ya ragu. A mayar da fishi wata ƙofa a gani.

Kariya hawa uku ce. Mafi araha, a zare kabul a bakunan biyu idan hadari ya taso. Kashe kuran kaɗai bai isa ba. Na biyu, a sa makarin tsawa na kabul a kowane baki, tare da sandar ƙasa. A tuna cewa busasshen rairayi ba ya karɓar kuran da kyau, sai sandar ta kai ga laima. Na uku, wanda ya fi duka, a haɗa gini da gini da zaren gilashi, da ƙaramin akwatin juyi a kowane baki. Gilashi ba ya ɗaukar kuran, ba ruwansa da iyakar metir 100, zafin kwano ma ba ya rage masa gudu.

6. Misali

Mu ƙaddara gida mai sassa uku. Eriya tana kan zaure, uwa a cikinsa. Ɗa na farko yana turaka, metir 25. Na biyu yana sashen mata, metir 70. Kukan mutanen gida shi ne kiran bidiyo yana tsinkewa a sashen mata, alhali alamar wifi cike take.

A zaure an auna megabit 150, a turaka kusan haka, a sashen mata 20. Manhaja ta nuna ɗa na biyu ta iska yake. An ɗauko shi zaure da gajeren kabul, ya koma kabul nan take: na'ura da saiti sun fita daga zargi. An auna bolt a sashen mata, daidai. Testa ya nuna lamba 3 ba ta kamawa. An yanke fishi an matse sabo, lamba 3 tana nan a mace; ciwon yana tsakiya ke nan. An bi kabul da hannu, an tarar da inda ƙofar ƙarfe ta cije shi, da aka kankare silin kuma sai ga fari. Ɗaurin sili da salatif ba gyara ba ne, domin yana lalata murɗi. An ja sabon kabul na jan ƙarfe zalla cikin tiyo. Bincike duka bai buƙaci komai ba sai gajeren kabul, testa, ma'aunin bolt da reza.

7. Kammalawa

Komawa iska da raga take yi alheri ne ga mai amfani, domin rezo ba ya mutuwa gaba ɗaya. Amma shi ne kuma yake sa a yi watanni ana biyan kuɗin gudun da ba a samu. Saboda haka ranar da aka gama aiki a rubuta a littafi tsawon kowane kabul, da gudun da aka auna a kowane sashe, a kuma sa wa bakunan kowane kabul lamba ɗaya. A sake aunawa sau biyu a shekara, da shigowar bazara da kuma bayan hadarin farko. Mai wannan littafi yana iya karanta wa gwani lambobi ta tarho, a gane ciwo ba tare da an biya kuɗin mota daga Magariya ba.

Kalmomin da aka kawo a sashe na 1, musamman uwa, ɗa, jijiya da zobe, shawara ce ga masu koyar da yara wannan sana'a da Hausa. Bakin masu aiki ne zai tabbatar da su ko ya kawo waɗanda suka fi su.